Kyanwar da ta samo mana maganin farfaɗiya

1/ A garinmu Kademi har gobe in farfaɗiya ta kayar da mutum sai ka ga an dare, wai yawunsa na yaɗa ciwon, wasu su ce bugun aljanu ne. Bari in ba ku tarihin yadda dabbobi suka nuna mana abin da ke faruwa cikin kan. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1875 a Liverpool ta Ingila, likita Richard Caton ya ɗora waya kan ƙwaƙwalwar zomaye da birai, sai na'urarsa ta motsa. Ashe ƙwaƙwalwa da lantarki take aiki, ɗan mitsitsi. A kan mutum kuwa sai 1924 Hans Berger na Jamus ya auna shi. Awon da ake kira EEG ke nan.

3/ Da wannan awon aka ga farfaɗiya ƙuru-ƙuru: ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke sakin lantarki gaba ɗaya, kamar an kawo wuta fiye da ƙima. Babu abin ɗauka a yawu. Ka janye shi daga wuta ko rijiya, ka juya shi gefe, kada ka tura masa cokali a baki.

4/ Nan ne ya fi burge ni. A Boston ta Amurka, Tracy Putnam da Houston Merritt suka riƙa tayar wa kyanwoyi farfaɗiya da lantarki, su ba su magani, su sake gwadawa. Kyanwoyin sun sha wuya wallahi. A 1938 phenytoin ya fito, maganin da tun 1908 aka haɗa shi aka ajiye, shekara 30 ba a san amfaninsa ba.

5/ To wayar ƙarfe fa tana da kurunta, ba ta jin siginar da ke tafiya sannu-sannu. A 2021 masana a Barcelona da Landan suka dasa wa ɓeraye siririyar waya ta graphene, dangin bakin fensir, kaurinsa atom ɗaya tak. Ta jiyo wannan siginar tana tasowa gab da bugun ciwon. Fatan shi ne ta nuna wa likitan tiyata daidai inda ciwon ke tashi, don waɗanda magani ya gagara.

6/ WHO ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun samu magani. Mu nan, awon Berger na 1924 ɗin ma sai an hau mota an shiga Kano.