Furotin ɗin M: Yadda Ƙwayar Cutar Maƙogwaro Ke Kai Wa Ga Ciwon Zuciya

Sitireptokokas rukunin A wata ƙwayar bakteriya ce da ke haddasa ciwon maƙogwaro da ƙurajen fata, musamman ga yara masu shekara 5 zuwa 15. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da cuɗanya a wuri mai cunkoso. Ƙarfinta yana cikin sinadaran furotin da suka lulluɓe bayanta.

Mene ne aikin waɗannan furotin?

Wasu, kamar furotin ɗin F, suna manna ƙwayar a bangon maƙogwaro don kada yawu ya wanke ta. Wani kuma yana lalata saƙon da jiki ke aikawa don kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa inda cutar take.

Mafi muhimmanci shi ne furotin ɗin M, wanda Rebecca Lancefield, masaniyar kimiyya 'yar Amurka, ta yi bayaninsa a 1928. Yana tsaye a jikin ƙwayar kamar siririn gashi, yana jawo wasu sinadaran jinin mutum yana lulluɓe ta da su. Sai fararen ƙwayoyin jini su kasa gane ta, balle su haɗiye ta. Akwai ire-irensa fiye da 200, kuma garkuwar da jiki ya samu daga iri ɗaya ba lallai ta kare shi daga wani ba. Shi ya sa yaro kan kamu sau da yawa, kuma yana cikin dalilan da har yau babu allurar rigakafinta.

Ina ruwan zuciya da ciwon maƙogwaro?

Wasu sassan furotin ɗin M sun yi kama da furotin na tsokar zuciya da ƙofofinta. A jikin wasu yara, garkuwar da ta tashi yaƙar ƙwayar takan ruɗe ta afka wa jikin da kansa. Mako 2 zuwa 3 bayan ciwon maƙogwaro sai zazzaɓi ya zo tare da ciwon gaɓoɓi mai tashi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Idan abin ya yi ta maimaituwa, ƙofofin zuciya sukan yi tabo, su ƙuntace ko su riƙa yoyo. Fiye da mutum miliyan 40 a duniya na fama da wannan ciwon zuciya, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin yankunan da ya fi yawa.

Yaushe za a je asibiti?

- Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, galibi ba tare da tari ko mura ba
- Kumburin gwiwa ko idon sawu bayan ciwon maƙogwaro
- Haki, saurin gajiya ko kumburin ƙafafu
- Kumburin fuska da fitsari mai duhu, alamar cutar ta taɓa ƙoda

Magani

Fenisilin na kashe wannan ƙwaya. Likita kan ba da na sha na kwana 10, ko allura guda. A shanye maganin duka ko da yaro ya warware, kuma a sanar da likita idan fenisilin ya taɓa yi masa illa. Cire belu ba ya kashe ƙwayar, yana ma iya jawo zubar jini da wata cutar. Wanda zazzaɓin ya riga ya kama yana buƙatar allurar fenisilin duk mako 3 zuwa 4 na tsawon shekaru, domin kowane sabon kamu yana ƙara lalata zuciya.