Mashaƙo da Jijiyoyin Haɗiya

Idan a Gwale kake zaune, ba sai an ba ka labarin farkon shekarar 2023 ba, lokacin da aka lissafa ƙaramar hukumar nan cikin wuraren da mashaƙo ya ɓulla, aka riƙa kai yara Asibitin Murtala. Abin da jama'a suka riƙe shi ne kumburin wuya da tantanin da ke toshe maƙogwaro. Daga tantanin nan ma cutar ta samo sunanta na Turai, wanda likitan Faransa Pierre Bretonneau ya raɗa mata a 1826, daga kalmar Girkanci mai nufin fata.

A 1888 Roux da Yersin suka nuna a Paris cewa ɓarnar ba ta tsaya a maƙogwaro ba: ƙwayar cutar tana zaune a can, dafinta kuwa yana bin jini har zuciya da jijiyoyi.

Ka san haɗiya ba aikin baki kaɗai ba ce. A gindin ƙwaƙwalwa ake tsara ta: bayan ganda ya ɗaga ya rufe hanyar hanci, maƙogwaro ya hau ya rufe ƙofar iska, numfashi ya ɗauke kimanin daƙiƙa guda, sannan yawanci ya dawo da fitar da iska. In wani abu ya kuskure hanya, tari ne ke koro shi. Dafin mashaƙo yana lalata rufin jijiyoyin da ke kai wannan umarni, kuma ba ya gaggawa. Bayan mako biyu ko uku, yaron da aka sallama sai ya fara magana ta hanci, koko ya dawo masa ta hanci, ya riƙa ƙwarewa, tarinsa ba ƙarfi. Makonni gaba, abin kan iya taɓa numfashi.

Makarin da Behring ya gano a 1890, wanda ya ba shi kyautar Nobel a 1901, har yau daga jinin doki ake samar da shi. Mu masu ba da magani mun san iyakarsa: dafin da ke yawo cikin jini kawai yake kamawa, wanda ya riga ya shige ya fi ƙarfinsa, don haka jinkirin kwana biyu ba ƙaramin abu ba ne. Rigakafin da Gaston Ramon ya haɗa a 1923 kuwa yana cikin allurar Penta ta mako 6, 10 da 14.

In ka ga alamun nan, kada a yi wa yaron ɗura, kada a kai shi cire beli. A mayar da shi asibiti a ranar. Jijiyoyin sukan farfaɗo cikin makonni ko watanni, muddin an kare huhu kafin nan.