Shin manhajar kwamfuta za ta iya yaudara a ciniki?

Duk wanda ya taɓa kai dabba kasuwar Charanchi daga Mawashi ya san mai saye kan kushe abin da yake so, domin a yi masa ragi.

A 2017, masu bincike na kamfanin Facebook sun lura cewa manhajojin da suka koya wa ciniki sun ɓullo da tasu dabarar. Manhaja kan nuna tana son abin da ba ta buƙata, daga baya ta haƙura da shi tamkar ta yi rangwame.

Wata hanyar tunkarar matsalar ita ce rubuta manhaja bisa ƙa'idojin mandiƙi, kamar da harshen Prolog, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1972.

Irin wannan manhaja kan adana kalaman abokiyar cinikinta, idan suka ci karo da juna sai ta rage yarda da ita. Sai dai ƙaryar da ba ta saɓa wa maganar baya ba tana iya wucewa.