Yadda Walda Ta Gaji Ƙira A Ƙasar Gusau

Duk wanda ya bi hanyar mota da ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Gusau da Bungudu ta nufi Sakkwato, ba zai rasa ganin rumfunan masu walda ba. Yau abin ya zama ruwan dare, har ba mai tsayawa ya kalla. Amma sana'ar ba ta daɗe a ƙasar nan ba. Ƙira ta tarar, ta kuwa gaji aikinta da yawa. Ga yadda abin ya faru.

Zamanin tama

Tun fiye da shekara dubu da suka wuce Hausawa su ke fid da ƙarfe daga ƙasa. An sami shaidar haka a dutsen Dala na Kano. Da rani, bayan an kau da amfanin gona, sai a tafi daji a haƙo tama, a gina dogon murhu na yumɓu, a jera tama da gawayi, a sa wuta. In wuta ta gama aikinta sai a fasa murhun a ciro curin ƙarfe, a zubar da kashin maƙera. Aiki ne mai wuya da cin itace, sabo da haka ƙarfe ya yi daraja, ba a yar da ko guntunsa.

Maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ke yin zobe da munduwa. Akwai kuma maƙeran baƙi, su ne ƙashin bayan manomi da mayaƙi. Daga hannunsu a ke samun fartanya da garma da lauje da gatari, da takobi da mashi, da linzami da likkafa. Kayan aikinsu zuga-zugi ne da uwar maƙera da masaɓa da awartaki, gawayinsu kuwa na ƙirya ya fi, don ya fi riƙe wuta. Sana'a ce ta gado, kowane babban gari da Sarkin Maƙeransa, su kan kuma jingina asalinta ga Annabi Dawuda. Sa'ad da Malam Sambo ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, haka ƙira ta ke a garuruwan Zamfara da na Katsina.

Maƙeran nan sun san haɗa ƙarfe biyu su zama ɗaya. Su kan sa bakin kowanne cikin wuta, a yi ta zuga har ya wuce ja ya yi fari yana tartsatsi, sa'an nan a ɗora wannan bisa wancan a daka da sauri. Da ma an ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Sai dai wannan dabara tana da iyaka. Tilas a kai ƙarfe wurin wuta, watau abin da ya fi ƙarfin awartaki ba ya haɗuwa. A kiyaye wannan, don nan ne walda ta sha gaban ƙira daga baya.

Jirgi da mota

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Reshen da ya taso daga Zariya ya biyo ta Funtuwa ya iso Gusau a 1927, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Nan da nan Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga, baƙi daga Kudu suka zauna a Sabon Gari. Da fari jakuna da raƙuma ke kawo kaya tasha, daga baya manyan motoci suka karɓe su.

Wannan ya taɓa maƙera ta hanya biyu. Ta fari, ƙarfe ya yi arha. Ga na Turai a kanti, ga tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota a yashe. Wa zai kwana a daji yana ƙona tama alhali ga ƙarfe a juji? Da haka narka tama ya yi ta ja da baya har ya mutu, sai dai labari. Maƙera kuwa suka gane cewa tsohon sifirin na mota ya fi kowane ƙarfe riƙe kaifi, har yau da shi su ke ƙera gatari da wuƙa mai kyau.

Ta biyu, mota ta zo da sabon aiki. Hanyoyin lokacin na jar ƙasa ne masu gargada, lodi kuwa ya kan wuce kima. Sifirin ya karye, kusa ta tsinke, ƙarfen da ya riƙe bodin katako ya balle, kayan gyara kuma suna can Ikko ko Ingila. Direba ba shi da wurin zuwa sai maƙera. Maƙeri ya kan ƙera masa kusa, ya miƙe abin da ya lanƙwashe, ya yi maɗauri. Amma in ƙashin motar kansa ya tsage, to, maƙeri sai ya sa ido, don ba a sa gingimari cikin wutar zuga-zugi.

Inda aka ƙago walda

Can a Turai da Amurka an riga an sami maganin wannan, watau yadda za a kai wuta wurin ƙarfe. Hanya biyu aka gano.

Ta farko ita ce waldar iska. Wani Bature mai suna Edmund Davy ya gano iskar asitilin a 1836, amma ba a sami hanya mai arha ta yin ta ba sai 1892, sa'ad da Thomas Willson ya gano yadda a ke yin kabayid da yawa a Amurka. Kabayid kamar tsakuwa ya ke. In aka zuba masa ruwa sai ya fid da iskar nan mai kama wuta. A 1903 Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka fito da bututun da ke gauraya ta da oksijin, watau sashen iska da ke rura wuta. Ruwa yana tafasa a digiri 100, baƙin ƙarfe yana narkewa wajen digiri 1,500, harshen wutar bututun nan kuwa ya wuce digiri 3,000. Sabo da haka ƙarfe ya kan narke a gabansa kamar kitse, bakin wannan ya gauraya da na wancan, su sandare tare.

Da bututu irin wannan a ke yankan ƙarfe kuma. A kan gasa wurin har ya yi ja, sa'an nan a danna maɓalli oksijin tsantsa ya feso da ƙarfi. Ƙarfen da kansa ne ke ƙonewa, iskar tana hure tokarsa, sai ka ga an tsaga farantin ƙarfe mai kauri wanda zarto zai yini a kansa. Baƙin ƙarfe wannan dabara ta ke ci, ba ta yanka alminiyam.

Hanya ta biyu ita ce waldar lantarki. In aka kusanto da wayoyi biyu masu ɗauke da lantarki mai ƙarfi, sai wuta ta yi tsalle tsakaninsu, zafinta ma ya zarce na kabayid. Mutanen Rasha biyu suka fara haɗa ƙarfe da ita, Nikolai Benardos a farkon shekarun 1880, da Nikolai Slavyanov a 1888. Waldar farko ba ta da ƙwari, don iska tana shiga narkakken ƙarfen ta ɓata shi. Oscar Kjellberg na Suwidin shi ya yi dabarar shafa wa sandar walda wani gari, wanda in ya ƙone ya ke kare wurin daga iska. Ita ce sandar da a ke sayarwa a kasuwa har gobe, ɓawon da mai walda ke ƙwanƙwasa wa guduma bayan ya gama kuwa ragowar garin nan ne.

A 1920 aka gama jirgin ruwa mai suna Fullagar a Ingila, wanda aka haɗa jikinsa duka da walda. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen dakon kaya 2,710 masu suna Liberty tsakanin 1941 da 1945, walda ce ta sa aka yi su da sauri haka. Amma waɗansunsu sun tsage a teku mai sanyi, har akwai waɗanda suka rabe biyu. Da aka bincika aka tarar irin ƙarfen da aka yi aiki da shi yana gautsi cikin sanyi, kuma tsaga in ta fara a jikin da aka yi wa walda ba ta da wurin tsayawa. Daga nan masana suka ƙara gane cewa haɗin da ya yi kyau a ido yana iya zama ruɓaɓɓe a ciki.

Walda ta shigo gari

A Arewa, wuraren da aka fara wannan aiki su ne ma'aikatun jirgin ƙasa, da Ma'aikatar Ayyuka ta Gwamnati, da na En'e, da garejin kamfanoni. Da yawa daga gwanayen farko mutanen Kudu ne, yaran gari suna yi musu aike suna kallo. Bayan rikicin 1966 ma'aikata masu yawa suka koma Gabas, aiki ya faɗo hannun waɗanda suka koya a ƙarƙashinsu. A shekarun nan na 1960 ne kuma aka kafa masaƙa a Gusau, injuna suka ƙaru, bukatar masu gyara ta ƙaru.

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya cika hanyoyi da motoci da babura. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Peugeot a Kaduna, a-kori-kura ta zama jakin 'yan kasuwar ƙauye. Lantarki ya yaɗu, injin walda ya fita daga ma'aikata ya koma rumfar bakin hanya. Sai ga 1986, gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin mutane. Aka koma ga tsofaffin motoci 'yan Kwatano, wanda ke da tsohuwa kuma ya riƙe abarsa. Ba lokacin da ya kai wannan yi wa masu walda kasuwa. Salansa ta hudu a liƙe, gindin ƙofa ya ci tsatsa a yanke a sa sabon faranti, motar da ta yi karo a yanko rabin wata a jona mata.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996, Gusau ta zama babban birni, gine-gine suka yawaita, masu walda suka sami aikin ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa. A Tsafe da Bungudu, inda noma ya fi ƙarfi, aikin ya fi karkata ga gyaran garmar shanu da injin niƙa da babur, da ƙera amalanke daga tsohon gatarin mota. Rashin tsaro da ya addabi ƙauyuka tun wajen 2011 ya taɓa wannan ciniki, don manomin da bai je gona ba ba ya kawo garma gyara.

Rabon aiki kuwa haka ya ke. Waldar iska ta fi dacewa da ƙarfe marar kauri, kamar jikin mota da salansa. Ta lantarki ita ce ta ƙashin mota da amalanke. Yanka kuma yanzu ya fi yawa da ƙaramin injin hannu mai faifan dutse. Waɗansu masu walda 'ya'yan maƙera ne, waɗansu ba su gada ba, don walda ba ta tambayar asali. Yawanci a rumfa a ke koyo, yaro ya yi shekaru yana riƙe wa maigidansa ƙarfe kafin a ba shi sanda. Mai son ilmin takarda kuma akwai makarantun sana'a, da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura Namoda a 1983.

Abin da ya kamata mai gyara a gida ya sani

Yanzu ana shigo da ƙananan injunan walda daga ƙasar Sin, waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa. Sabo da haka mai mota ko mai babur ya kan saya don ya riƙa ɗan gyara a gida. Ba laifi, amma maƙerin da ya gaji sana'a an koya masa tsoron wuta tun yana zuga, mai sayen inji a kasuwa kuwa ba wanda ya koya masa.

Babban hatsari shi ne tankin mai. Tankin da aka juye ya fi cikakke mugunta, don tururin fetur da ya gauraya da iska a ciki shi ke fashewa. An yi asarar rayuka da yawa a Nijeriya ta wannan hanya. Wanda bai ƙware ba kada ya kusanto da wuta ga tanki ko duro, ko da an ce an wanke. Na biyu ido. Hasken waldar lantarki yana ƙona fatar ƙwayar ido, zafin ba ya tasowa sai cikin dare, mutum ya ji kamar an zuba masa rairayi. Tabarau na rana ba ya tsare wannan, sai baƙin gilashin da aka yi domin aikin, yara masu kallo kuma a kore su. Na uku, kada mai ko giris ya taɓa kan tukunyar oksijin, yana iya kamawa ba ashana. Tukunyar kabayid ta ƙirar gida kuwa, in wuta ta koma da baya cikin tiyo, fashewa ta ke yi. A cire kan batir kafin a taɓa mota da waldar lantarki, a kuma yi aiki a sarari, don hayaƙin ƙarfe mai ruwan tutiya yana sa zazzaɓi.

Akwai kuma abubuwan da ba a yi musu walda ko a gida ko a rumfa: sandar sitiyari, da kayan birki, da sifirin. An ƙera su da tauri na musamman, wuta tana warware shi. Su kan fito sumul, a yi fenti a kai, su riƙe mako ko wata, sa'an nan su balle sa'ad da mota ke gudu da mutane a ciki. In ɗaya daga cikinsu ya karye, sai a sayi wani, ko da na hannu ne mai lafiya. Wanda ya karyen a kai wa maƙeri, zai fid da gatari daga cikinsa.