Daga littafi zuwa akwatin talabijin: Ina tushen tsofaffin hikayoyi?

A shekarun 1980 ne gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da littafin Magana Jari Ce wasan kwaikwayo mai dogon zango, inda marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya kasance cikin fitattun 'yan wasansa.

A unguwanni irin su Makera da Kakuri da ke kudancin kogin Kaduna, inda masaƙu suka tara ma'aikata daga sassa daban-daban na Najeriya, duk wanda bai karanta Hausa a makaranta ba ta wannan shiri ya san labaran.

Sai dai labaran sun girmi littafin da ɗaruruwan shekaru.

Aro a kan aro

Alhaji Abubakar Imam ya rubuta littafin ne a Zariya, a ƙarƙashin hukumar talifi da Dokta Rupert East ke jagoranta, aka buga shi kashi uku a ƙarshen shekarun 1930.

Masu nazari sun gano tushen da yawa daga cikin labaran a Alfu Laila wa Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan uwan nan Grimm.

Shi kansa akun da ke ba da labari baƙo ne. Ana danganta shi da wani tsohon littafin Indiya mai suna Shukasaptati, wanda aka juya zuwa Farisanci da sunan Tutinama a ƙarni na 14.

A can, aku yana shagaltar da matar wani ɗan kasuwa da labari kowane dare don kada ta fita wajen wani namiji. Imam ya kawar da wannan, ya sa aku yana tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, don kada ya bi sahun mayaƙa ya faɗa tarkon Waziri.

Wannan tsari ya sauƙaƙa wa masu shirin aiki ƙwarai. Kowane labari yana iya tsayawa da ƙafarsa, kuma Imam ya riga ya sa wa mutanensa magana a baki. Abin da ya rage shi ne fada, da dawaki, da rawuna.

Abin da kyamara ba ta iya ɗauka shi ne muryar marubucin, wato zolaya da karin maganar da yake saƙawa tsakanin zance da zance, alhali nan ne rabin daɗin littafin yake.

Inda rubutu ya yi ƙaranci

Labarin Sarauniya Amina ta Zazzau kuwa akasin haka ne, domin abin da magabata suka rubuta a kanta bai taka kara ya karya ba.

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, a farkon ƙarni na 15. Ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma Sarkin Nufe ya aika mata da babanni 40 da goro 10,000.

Muhammadu Bello ya kawo ta a Infaƙul Maisuri, inda ya nuna cewa a Atagara ta rasu. Wasu masana kuma na ganin a ƙarni na 16 ta rayu.

Babu hira a waɗannan littattafai, babu siffarta, babu halinta. Saboda haka fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ya saki a 2021, ya cike giɓin da ƙirƙira, abin da ya jawo masa suka daga masu kallo a Arewa kan harshe da sutura da kuma tarihi.

Haɗarin dai shi ne, matashin da bai taɓa buɗe Tarihin Kano ba zai ɗauki abin da ya gani a matsayin abin da ya faru.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun haka ba. Shirin Merlin na BBC, wanda aka nuna daga 2008 zuwa 2012, ya ɗauko sunaye daga littafin Geoffrey na Monmouth na ƙarni na 12 da na Thomas Malory da aka buga a 1485, amma ya mayar da Merlin matashi sa'an Arthur. Shi kuwa Geoffrey, sai masu shirin suka ba shi aikin mai kula da ɗakin littattafan fada.