Ƙarancin Jini da Sankarar Babban Hanji: Abin da Takardar Gwaji ke Nunawa

Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da ake yi kullum a asibiti ba ya gano sankarar babban hanji. Sawunta kawai yake nunawa, kuma sawun da ya fi fitowa fili shi ne ƙarancin jini.

Dalilin yana cikin halittar hanjin. Ɓangarensa na dama yana da faɗi, bayan gida kuma bai gama ƙauri ba a wurin, don haka ƙari zai iya girma na tsawon watanni bai toshe hanya ba. Sai dai yana tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, wanda ido ba ya gani. Jiki ya yi ta cike giɓin daga ajiyar sinadarin ƙarfe har ta ƙare. Feritin, ma'aunin wannan ajiya, shi ke fara sauka. Daga nan jajayen ƙwayoyin jini su ƙanƙance, adadin MCV, ma'aunin girmansu, ya faɗo ƙasa da 80, himogulobin ma ya sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar himogulobin a giram 13 ga namiji, 12 ga mace marar ciki. Amma magidancin da ya sauko daga 15 zuwa 13.2 cikin shekara biyu, takardarsa za ta ce lafiya lau, alhali saukowar ita ce abin dubawa. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar adana tsofaffin takardun gwaji.

Akwai kuma ƙwayoyin daskarar da jini. Binciken Jami'ar Exeter ta Ingila a 2017 ya gano cewa cikin maza masu shekara 40 zuwa sama da nasu suka haura 400, fiye da kashi 11 cikin ɗari an same su da ciwon daji cikin shekara guda, na huhu da na hanji ne suka fi yawa. Shi kuwa CEA, wani sinadari da ake aunawa a jini, wanda Gold da Freedman suka gano a Kanada a 1965, amfaninsa bibiyar mara lafiya bayan tiyata. Shan taba ma na iya ɗaga shi.

A ƙasar Hausa sawun kan ɓace cikin wasu sawaye. Maleriya, tsutsar ciki, sikila da yawan haihuwa duk suna rage jini, kuma sau da yawa su ne masu laifin. Shi ya sa dattijo mai shekara 55 zai ji an ce PCV ɗinsa, wato ma'aunin jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka, ya biya kemis ya sayi kwalbar maganin ƙarin jini. In ya ga jini a bayan gida ya ce basir ne, ya nemi mai saiwa. Maganin kan ɗan ɗaga adadin, ƙarin kuwa yana nan yana girma. Ƙa'idar likitocin ciki ita ce, namiji baligi ko macen da ta daina al'ada, in ƙarfen jininsu ya yi ƙasa ba tare da sanadi bayyananne ba, a leƙa ciki da hanji da na'urar kyamara, ko da basir ɗin na nan da gaske.