Tarihin Motocin Sintiri na 'Yan Sandan Lardin Ontariyo

Ontariyo lardi ne a ƙasar Kanada, amma faɗinsa ya fi na Nijeriya duka. Cikin watan Oktoba na 1909 hukuma ta kafa masa 'yan sandansa na kansa, mutum 45 kacal. A zamanin nan ba su da motar sintiri. In an yi ɓarna a wani ƙauye, sai ɗan sanda ya shiga jirgin ƙasa, ko ya hau doki, ko kwalekwale. Sau da yawa kafin ya isa mai laifi ya yi nisa.

Da motoci suka yawaita, haɗari ya yawaita, sai a 1930 aka danƙa musu tsaron manyan hanyoyi bisa babur. To, amma babur abin hawan rani ne. Ƙasar kuwa tana da sanyi mai tsanani, in hunturu ya shigo dusar ƙanƙara takan rufe hanya wata da watanni.

Saboda haka a 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka sayo motocin sintiri na fari, ƙirar Chevrolet, masu ƙofa biyu. Aka shafa musu fenti baƙi da fari, don kowa ya shaida su tun daga nesa. Mutane suka laƙaba musu suna Holstein, watau irin shanun nan na madara masu dabbare-dabbaren baƙi da fari. A 1947 aka sa musu wayar iska. Tun daga sa'an nan ofis na iya kiran mota tana bisa hanya, ya juya ta inda ake bukata.

Shekara 48 suna da wannan kama. A 1989 aka sake ta, aka mai da motocin farare, da ratsin shuɗi da ruwan zinariya. Amma farar mota ba ta da wuyar sajewa da sauran motoci, balle cikin ƙanƙara. A 2007, zamanin Kwamishina Julian Fantino, aka komo ga baƙi da fari, don direbobi su riƙa ganin hukuma a fili, su rage gudu. A birnin Orillia, inda babban ofishinsu yake tun 1995, an adana Chevrolet ta 1941 a gidan tarihinsu don tunawa.

Abin lura a nan shi ne, ba don ado aka yi fentin nan ba. Kamar yadda jar rigar dogari kan sa masu faɗa a kasuwa su natsu tun bai yi magana ba, haka ganin motar kan hana laifi tun ba a aikata shi ba. Wanda aka kama bayan haɗari, kamunsa ba ya mai da ran da ya salwanta. Rigakafi ya fi magani.